Zuwa ga Ƙanena a Kende: Kada Ka Sayar da Tulun Nan



Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ka gaishe mini da Inna, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Ya ruwa, ya aikin gona? Allah ya ba mu damina mai albarka.

Saƙonka ya iso, har da hotunan. Na ga tulun da garma ta tono a tudun gonarmu ta gado, na ga tsingaron da ke warwatse a wurin, da baƙaƙen dunƙulen nan masu nauyi, waɗanda ga alama kashin maƙera ne. Ka ce wani baƙo ya taya tulun, har ya ce in ka ƙara haƙawa ka samo mai siffar mutum zai ninka maka kuɗi. Tunda shawarata ka nema, ga ta kai tsaye: kada ka sayar, kada kuma ka ƙara sa fartanya a wurin. Na san halin da ake ciki, na san kuɗin taki kaɗai ya isa ya hana magidanci barci. Amma ka saurari dalilina.

Mu a ƙasar Kabi, in an tashi ba da tarihi, daga Muhammadu Kanta ake farawa, a ƙarni na 16, da birninsa Surame mai ganuwar dutse, wanda gwamnati ta sa cikin wuraren tarihin ƙasa a 1964. Abin alfahari ne. Sai dai bakin kogin Kwara ya daɗe da mutane kafin a haifi Kanta, kuma marokan fada ba su riƙe sunansu ba. Labarinsu yana cikin ƙasa, a irin tudun da kake nomawa.

Ga misali a maƙwabtanmu. A ƙasar Dandi ta Jamhuriyar Benin, tsakanin Malanbil da Karimama, akwai ƙauyen Birnin Lafiya, kusa da shi kuma akwai wani babban kufai. Daga 2011 zuwa 2015 masana ƙarƙashin jagorancin Anne Haour ta Jami'ar East Anglia a Ingila, tare da takwarorinsu na Jami'ar Abomey-Calavi, sun yi aikin tono a wurin. Sun gano an zauna a garin tun wajen ƙarni na 4 har zuwa ƙarni na 13 na Miladiyya. Ka lissafa ka gani: gari ya yi kusan shekara 900 a raye, ya tashi, ciyawa ta rufe shi, sannan daga baya aka gina Surame. Sun tarar da ɗakuna da aka yi wa daɓe da tsingaro, an jera shi ɗaya bayan ɗaya cikin tsari, da tukwane a inda masu su suka bar su, da duwatsun ado, da ƙayar kifi. Sun kuma sami ƙonannun ƙwayoyin shinkafa, irin shinkafarmu ta gargajiya. Wato kai da kake dasa shinkafa a fadama, sana'ar da ta haura shekara dubu a wannan kwari kake riƙe da ita.

Ta yaya suka san duk wannan? A nan ne nake so ka natsu. Ba tulun kaɗai ke ba da labari ba, makwancinsa ne. Gari yana tashi bisa gari: ɗaki ya rushe, a baje, a gina wani a kansa, har tudu ya samu. Saboda haka abin da ke can ƙasa ya girmi na sama. Masu wannan aiki ba sa haƙa irin ta rijiya. Da ɗan cokalin magini da buroshi suke kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, suna tankaɗe ta, suna aunawa, suna rubuta inda kowane abu yake kwance da abin da ke gefensa. In suka sami gawayi a tsohon murhu, sai su kai shi ɗakin gwaji. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon, wanda daga ranar mutuwa yake raguwa, rabinsa na tafiya cikin kowace shekara 5,730. Abin da ya saura a gawayin shi ke nuna lokacin da aka sare icen. Zanen jikin tukunya ma shaida ne, domin kowane zamani da irin igiyar da magina tukwane ke mirginawa a kan ɗanyen yumɓu.

To, ranar da aka cire tulu aka zubar da ƙasar cikinsa, aka cuɗa ta sama da ta ƙasa, duk wannan ya tafi, kuma ba ya dawowa. Tulun ya zama kamar bebe da aka tsinta a tasha: ga shi dai mutum, amma ba mai sanin garinsu, ba mai sanin danginsa.

An riga an yi wannan ɓarna a kusa da mu. A Bura, cikin Jamhuriyar Nijar, an ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a 1975, masanin Nijar Boubé Gado ya tone ta bisa ƙa'ida a 1983. Da labarin kayan yumɓun wurin ya kai kasuwannin Turai, dillalai suka shigo, mutanen ƙauyuka suka bi kufai ɗaya bayan ɗaya da diga da shebur. Manomi ya karɓi abin cefane, dillali ya kwashe riba, ƙasa ta rasa tarihinta. Ka kwatanta da abin da ya faru a Yawuri: kafin ruwan madatsar Kainji ya cika a 1968, an tura masana suka tone wasu tuddai a yankin Yelwa, suka rubuta abin da suka samu. Ruwa ya ci wurare da yawa, amma ilmin da aka tsamo yana nan ana karantawa.

Kada ka ɗauka wannan ilmi na nishaɗin Turawa ne kawai. A jihar Arizona ta Amurka, wata al'umma da masana ke kira Hohokam ta rayu cikin hamada fiye da shekara dubu, har zuwa wajen 1450. Da hannu suka haƙa magudanan ban ruwa masu tsawon ɗaruruwan kilomita daga kogunan Salt da Gila, suna noman masara da wake da auduga. Baƙin da suka zo a shekarun 1860 tsofaffin magudanan nan suka yashe suka ci gaba da noma, a nan birnin Finiks ya kafu. Wa ya sani ko tuddanmu na ɗauke da darasi kan yadda magabata suka zauna da ambaliyar Kwara, wadda har yau take cinye mana gonaki?

Na san wasu za su ce maka kayan arna ne, a farfasa. Ka faɗa musu ba bauta za a yi ba, sani ake nema, kuma mai hankali yana wa'aztuwa da kufan waɗanda suka gabace shi. Sannan ka sani doka ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su waje ba da izini ba. 

Ga abin da za ka yi. Ka mayar da ƙasa ka rufe ramin, ka kafa alama, bana ka kewaye wurin da garma. Tulun ka ajiye shi a ɗaki yadda yake, kada a wanke, kada a zubar da abin da ke ciki. Ka sanar da mai gari, shi kuma ya kai maganar ga uban ƙasa. Ni zan rubuta wa hukumar, da sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. In an yi hutu kuma, ka kai yara gidan tarihin Kanta a Argungu su gani da idonsu.

Gonar nan amana ce a hannunmu, bisanta da ƙarƙashinta. In baƙon ya dawo, ka ba shi ruwa ya sha, ka sallame shi da mutunci.

Ka gaida amarya da yara. Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka ta hanyar halal.

Wassalam,
Naka, Yayanka.