Harshe a Bakin Faranti

Duk wanda ya taɓa koyon baƙon harshe ya san akwai kalmomin da malami zai yi ta nanatawa a aji amma su ƙi zama, akwai kuma waɗanda sau ɗaya mutum zai ji su, su liƙe masa har abada. A ɗan sanina, irin na biyun nan yawanci a wajen cin abinci ake tsintarsu. Abin da ya tabbatar mini da haka shi ne ziyarar mako uku da na kai wa yayana a Kuwala Lumfur, babban birnin Malesiya, lokacin da yake karatu a can.

Mutanen birnin da yawa a waje suke cin abincin dare, ko dai a kasuwar dare da suke kira "pasar malam", ko kuma a rumfunan "mamak", wato na Musulmi 'yan asalin kudancin Indiya. Idan muka fita da yayana da abokan karatunsa, ba a saya wa kowa nasa. Sai a sayo abinci iri biyar ko shida a ƙananan farantai, a jera a tsakiyar tebur, kowa ya riƙa ɗiba nan da can.

Na farko da ya ja hankalina shi ne "satay", wanda ɗan'uwan tsirenmu ne. Naman kaza ne ko na saniya ko na rago, a yanka ƙanana, a cuɗe da kurkum da kayan ƙamshi, a soke a tsinke, a gasa a kan gawayi. Bambancin shi ne, maimakon yaji, a cikin miyar gyaɗa mai ɗan zaƙi ake tsoma shi, a haɗa da albasa da kokwamba da curin shinkafa. Akwai "roti canai", wata siririyar gurasa mai laushi da ake yagowa a dangwali miya da ita. Akwai kuma "rojak", kwaɗon abarba da ɗanyen mangwaro da kokwamba da dakakkiyar gyaɗa. Abin kora shi ne "teh tarik", ma'ana shayin da aka ja, domin mai haɗawa yana zuba shi daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa, tamkar dai mai shayin unguwarmu. Gurasar nan da shayin nan suna cikin karin kumallon Malesiya da hukumar UNESCO ta sanya a jerin al'adun duniya a 2024, kamar yadda ta sanya al'adar rumfunan abinci ta Singafo a 2020.

To, ya kai mai karatu, ga inda maganar harshe ta shigo. Wanda aka ba farantinsa shi kaɗai yana iya cinyewa bai ce uffan ba. Amma wanda abin da yake so yake gaban wani, dole ya buɗe baki. Dole ya tambayi sunan abu, ya roƙi a miƙo masa, ya yaba ko ya koka. Ta haka na riƙe "sedap", wato da daɗi, da "pedas", wato da yaji, da "tambah" idan ana son ƙari, da "kurang manis" idan ana son a rage zaƙi. Na ji suna kiran mai sayarwa "abang", wato yaya, dattijuwa kuma "makcik", kamar mu ce gwaggo. Hatta gaisuwa a wurinsu takan zo da sigar "dah makan?", wato ka ci abinci? Bugu da ƙari, maganar da aka cakuɗa Malayanci da Turanci a cikinta "bahasa rojak" suke ce mata, harshen kwaɗo ke nan, irin abin da mu muke kira Ingausa.

Ba kalmomi kaɗai na koya ba, na koyi sanin mutane. Tunda hannun kowa zai shiga kowane faranti, sai an san abin da kowa ke ci kafin a saya. Titin Jalan Alor ya shahara da abincin dare, amma rumfuna da yawa a can suna sayar da naman alade, don haka mu mun fi zuwa unguwar Kampung Baru ko rumfar mamak, inda abincin halal ne. A cikinmu akwai wani mabiyin addinin Hindu da ba ya cin naman saniya, saboda haka kaza da rago ake saya. Ba wanda ya yi wa wani wa'azi, kowa dai ya kiyaye na ɗan'uwansa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe, wanda ya tashi yana cin tuwo a kwano ɗaya da sa'o'insa. Sai dai a jami'a mun fara sakin wannan ɗabi'a. Kowa ya ƙunso abincinsa a leda, ya shige ɗaki, ya kafa wa waya ido. Sannan mu dawo muna kukan cewa mun haddace nahawu amma bakinmu ya ƙi sakewa.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ce, ita ce mu riƙa haɗa 'yan kuɗinmu ko sau ɗaya a mako. Mu je wurin mai tsire da mai ƙosai da mai masa, mu yi ciniki da Hausa, mu jera abin da muka saya a tsakiya, da sharaɗin ba mai miƙa hannu sai ya faɗi sunan abin da yake so. Malam Bahaushe dai ya ce, ci naka in ci nawa ba rowa ba ce, mugun zama ne. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.