Furen da Yake Zuwa a Makare

Ɗan'uwa mai karatu, mai yiwuwa ka taɓa jin sunan za'afaran, jan zaren nan mai ƙanshi da ake aunawa kamar zinariya. Ba kowa ne ya san tsiron da ke ba da shi ba. Turawa suna kiran danginsa kurokus, ƙananan furanni ne da ba su kai tsawon tafin hannu ba, asalinsu kuwa ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne, daga Sifen da Girka da Turkiyya har zuwa Iran. Yawancinsu sukan yi fure idan hunturu ya wuce, sa'ad da dukan daji yake farkawa. Amma akwai wani rukuni a cikinsu da yake jira har watan Satumba, Oktoba ko Nuwamba, lokacin da itatuwa suke kakkaɓe ganye, mai lambu kuma ya fara ajiye fartanya. A kan waɗannan makararru nake so mu yi tunani tare.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa wani ɗan curi ne mai kama da ƙaramin gwaza, an lulluɓe shi da busasshen ɓawo. A ƙasashen Bahar Rum damina da sanyi tare suke zuwa, watannin zafi kuwa fari ne tsantsa. Saboda haka daga wajen Yuni har Agusta curin nan yana kwance cikin ƙasa mai zafi, babu ganye, babu saiwa mai rai, babu wata alama a bisa. In ka bi ta wurin za ka rantse ba a taɓa shuka kome ba. A cikin wannan shirun ne ake tsara furen, ƙanƙani ƙwarai, a tsakiyar curin. Da zarar ƙasa ta huce, ruwan farko ya sauka, sai ya keto.

Na ga wannan da idona a shekarun da na yi karatu a Ingila. Wata dattijuwa da muke sujada tare ta ba ni curi kaɗan na irin da masana suke kira Crocus speciosus, wanda yake tsirowa da kansa a duwatsun Turkiyya da Kaukasus. Ta ce in binne su cikin watan Agusta, zurfin kamar santimita 10, a gefen da rana take bugawa kuma ruwa ba ya kwanciya, sa'an nan in rabu da su. Wannan umarni na ƙarshe shi ne mai wuya. Hannun da ya saba da noma ƙaiƙayi yake yi, yana so ya yi ban ruwa, ya zuba taki, ya tona ya duba. Amma curin da aka dame shi da ruwa lokacin barcinsa ruɓewa yake yi. Da Oktoba ya kama, wata safiya sai ga tsinke-tsinke farare sun huda ƙasa, bayan kwana biyu suka buɗe, shuɗi mai ratsin jijiyoyi, da wani harshe ruwan lemo a tsakiya. Ko ganye ɗaya babu. Fure ne tsirara a kan ƙasa tsirara. Da yamma yakan rufe, ranar da hadari ya rufe sama ma ba ya buɗewa, iska mai ƙarfi kuma takan kwantar da shi, gama abin da kake gani kamar kara ba kara ba ne, dogon wuyan furen ne. Mahaifar 'ya'yan tana can ƙarƙashin ƙasa, inda sanyi ba zai taɓa ta ba, sai bayan hunturu take turo kwanson iri waje.

Kada ka ɗauka wannan tsiro baƙo ne ga Littafi Mai Tsarki. A Waƙar Waƙoƙi 4:14 an lissafta za'afaran cikin kayan ƙanshi na lambu, kalmar Ibrananci kuwa ita ce karkom, 'yar'uwar kalmar nan kurkum da muka samu daga Larabci, ko da yake mu gangamau muke nufi da ita. A Ishaya 35:1 kuma, inda annabi yake maganar hamada da za ta yi fure, waɗansu masu fassara sun ɗauki furen da ya ambata a matsayin kurokus, waɗansu sun ce wardi. Ni dai na fi karkata ga na farkon, domin wardi yana bukatar mai ban ruwa, amma wannan ɗan tsiro aikinsa ke nan, ya fito daga ƙasar da kowa ya fid da rai da ita. A Ƙasa Mai Tsarki ruwan farko, wanda Yakubu 5:7 ya ce manomi yana jira, yakan sauka ne wajen Oktoba da Nuwamba, bayansa kuma irin su Crocus hyemalis suke bayyana a kan tuddai. Kai da ka ga albasar kwaɗi ta yi fure bayan ruwan farko a ƙasarmu ka riga ka san rabin labarin.

Za'afaran kansa, wato Crocus sativus, yana da wani abin mamaki. Ba ya yin iri sam. Duk gonar za'afaran da ke duniya, ko a Khurasan ta Iran, inda ake noman mafi yawansa, ko a Kashmir, ko a Kozani ta Girka, ko a Taliwin ta Maroko, daga curi aka raba ta, hannu zuwa hannu, tsara bayan tsara. A tsibirin Santorini an tono zanen bango da ya haura shekara 3,500, yana nuna mata suna tsinkar furen. Kowane fure zare uku kaɗai yake bayarwa, ana tsinkarsa da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma sai an tara fure wajen 150,000 kafin a sami kilo ɗaya busasshe. Lokacin girbin duka bai wuce 'yan makonni ba.

Sai dai a yi hattara da wani mai kama da shi, Colchicum, wanda shi ma yake fitowa ba ganye a lokaci guda, har Turawa da yawa suna kiransa da sunan kurokus. Dafi ne da shi daga curi har fure, ko da yake likitoci suna samun maganin ciwon gaɓɓai daga gare shi. Ka leƙa cikin furen ka ƙidaya sandunan da ke ɗauke da garin fure: uku na kurokus ne, shida na mai dafin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin da muke nuna wa ƙasar da ta yi shiru. A kowace ikkilisiya akwai irinta. Akwai gwauruwar da ta daina shiga ƙungiyar mawaƙa tun da aka binne mijinta, akwai saurayin da ya gama makaranta shekara biyar bai sami aiki ba, akwai ma'auratan da suka gaji da amsa tambayar haihuwa. Waɗansunmu sukan yanke hukunci cewa wurin ya mutu, su kai fartanya. Waɗansu kuma, da kyakkyawar niyya, sukan yi ta kwarara nasiha da tambayoyi har mutumin ya fara gudun ƙofar majami'a. A ganina na biyun sun fi yawa a cikinmu, ɓarnarsu kuwa ba ta gaza ta na farkon ba. In kuwa kai ne ƙasar da ta yi shiru, ka lura cewa tsiron nan bai makara ga lokacinsa ba, ya makara ne ga lokacin maƙwabtansa.

Bayan furen ya faɗi, aikin bai ƙare ba. Ganye sirara kamar ciyawa, masu farin layi a tsakiya, sukan fito su daɗe har ƙarshen hunturu da bayansa. Ba su da kyan gani, amma su ne suke ciyar da sabon curi da ke toho a bisa tsohon, gama tsohon ƙarewa yake yi ɗungum, ya zama ɓawo. Wanda ya yanke ganyen da wuri don lambu ya yi tsaf ya yanke furen baɗi. Sai an bar su sun yi rawaya sun bushe da kansu. A nan ne dattijuwar nan takan kafa ɗan sanda a wurin, domin kada mai share lambu ya zo cikin watan Yuli ya ga fili, ya tona ya dasa wani abu.