Ruɗewar Tsoho Farat Ɗaya da Ƙaramar Shanyewar Jiki

Daga cikin abubuwan da tsawon rai ya koya wa dattawan Dabokpa da sauran unguwannin Tamale a Gana akwai bambanci tsakanin gigin tsufa, wanda yake shigowa sannu a hankali cikin shekaru har iyali su saba da shi, da ruɗewar da take faɗo wa mutum farat ɗaya, inda tsohon da ya dawo daga sallar Asuba garau zai kai hantsi yana kiran ɗansa da sunan ƙanensa da ya rasu, ko ya buɗe baki maganar ta fito a hargitse, ko kofin koko ya suɓuce daga hannunsa bai sani ba. Irin wannan ruɗewa ciwo ce, kuma tana da musabbabi a cikin jiki, ko da mutanen gida sun fi saurin cewa tsufa ne ko iska ce ta taɓa shi.

Ɗaya daga cikin musabbaban shi ne abin da ake kira ƙaramar shanyewar jiki, wato toshewar wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, sau da yawa saboda gudan jini da ya taso daga zuciya mai bugawa ba bisa tsari ba ko daga jijiyar wuya da kitse ya ƙuntata, sannan gudan ya narke jini ya ci gaba da tafiya. Alamomin sukan gushe cikin mintuna, da wuya su wuce awa ɗaya, kuma a nan ne yaudarar take, domin da zarar Baba ya dawo hayyacinsa ya nemi tuwo sai a yi hamdala a watse, alhali kwana biyun farko su ne mafi haɗari ga aukuwar babbar shanyewar ɓarin jiki. Abin da ake ɗauka ruɗewa ma sau da yawa hankalin tsohon yana nan, kalmomin ne suka ƙwace masa, musamman idan baki ya karkace ko hannu ɗaya ya yi nauyi.

Ba kowace ruɗewa ce daga nan take ba. Faɗuwar sukari a jinin mai shan maganin ciwon suga, musamman a watan azumi, da ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafin Maris da Afrilu, da zazzaɓin cizon sauro, da ciwon mafitsara ko na huhu, da buguwar kai da aka manta da ita makonni baya, duk sukan rikita tsoho, kuma ido ba ya iya rarrabe su sai da awo. Shi ya sa ba wa mara lafiya aspirin a gida ganganci ne, tunda wata shanyewar fashewar jijiya ce, wadda hoton ƙwaƙwalwa kaɗai yake nunawa.

Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Gana da Nijeriya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, wanda mujallar Lancet Global Health ta buga a 2018, ya danganta kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki da hawan jini, ya kuma nuna cewa yawan gishiri yana ƙara haɗari, cin ganye kuwa yana rage shi. Abin takaici shi ne tsofaffi da yawa sukan ajiye maganin hawan jini da zarar kai ya daina ciwo, suna ganin an warke.

Sai kuma kunya, wadda ita ce ta fi cin lokaci kafin a kai tsoho asibiti. Wadda take fara lura da sauyin yawanci matar ɗa ce mai kai abinci ko jika mai kai buta, kuma tarbiyya ta hana su cewa maganar Alhaji ba ta kan hanya, don haka sai a jira babban ɗa ya dawo daga kasuwar Aboabo, shi kuma ya jira shawarar baffanni. Addu'a da tofi ba su hana tafiya asibiti, ana iya yin su a cikin mota, amma ɗura wa wanda bakinsa ya karkace rubutu ko ruwa yana iya kai ruwan cikin huhu saboda haɗiya ta raunana.

Asibitin Koyarwa na Tamale yana cikin gari, lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma idan motar asibiti ta yi jinkiri keke mai ƙafa uku ma ya wadatar. Mai rakiya ya tafi da katin inshorar lafiya da duk magungunan da tsohon yake sha, ya kuma riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, domin shi ne tambayar farko da likita zai yi, ko da tsohon ya iso yana tafiya da ƙafarsa yana faɗan an ɗaga masa hankali a banza.