Ranar Da Jagora Ya Ce Mu Koma

Shekara goma ina koyar da labarin ƙasa, amma dusar ƙanƙara sai a littafi na san ta, har lokacin da aka tura ni wani kwas na malamai a ƙasar Suwizalan a tsakiyar sanyi. Kwana biyu dusa tana zuba ba tsayawa, iska kuma tana kaɗawa. A rana ta uku gari ya waye tas. Masaukanmu suka ɗauko wani dattijo jagora domin ya kai mu wata bukka a bisa dutse.

Kafin mu tashi ya karanta sanarwar cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta garin Davos. Tun 1993 ƙasashen Turai suna auna haɗarin zaftarewar dusa da mataki biyar. Ran nan mataki na uku ne. Na ce a raina, uku ai tsaka-tsaki ne. Ashe a matakin nan ne mutane suka fi mutuwa, gama ba ya ba su tsoro.

Da muka kai gindin gangare, jagora ya ɗauki shebur ya haƙa rami. Ya nuna mini yadda dusar ta kwanta hawa-hawa. Ta sama, wadda iska ta tara, ta daskare kamar faifai, ta ƙasa kuwa gari-gari ce kamar sukari. Ya ce gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45 shi ne ya fi zaftarewa, kuma yawancin waɗanda dusa ta binne, su ne ko abokan tafiyarsu suka tayar da ita. Wanda ba a tono shi cikin minti 15 ba, da ƙyar yake rayuwa.

Yana cikin magana sai muka ji "wuf!" a ƙarƙashin ƙafafunmu, wata tsaga ta bi dusar. Ya ce, "Mu koma."

Raina ya ɓaci. Ga bukkar ina hangenta, ga shi ban san ranar da zan sake zuwa ba. Na ce, "Baba, ai ga rana ta fito." Ya amsa, "Ɗana, rana ba ta shiga ƙarƙashi."

Muka juyo, ban kuwa taka bukkar nan ba har yau. Ya ku ɗalibai, duk sa'ad da na zana muku dutse a allo, dattijon nan nake tunawa, wanda bai ji kunyar komawa baya a gaban baƙi ba.