Kuɗin Makarantarmu Daga Hannun Mata Ya Fito

Da yawanmu 'yan Rogo, guminsu mata ne ya kai mu jami'a: ƙuli-ƙulin Inna, adashin Yaya, albashin Anti malama. Amma haihuwa ɗaya ko jinya ɗaya na iya tsayar da wannan kuɗi cak.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 tana aikin, da rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa. A 2024 gwamnatin Kano ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 71,000. Sai dai dokar albashi ta ƙasa ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kamar ƙananan makarantun kuɗi.

Malama ɗaya in ta yi ƙorafi, ana iya sallamarta. In suka haɗa kai, kamar yadda malamai suka kafa NUT a 1931, dole a saurare su.

Ƙannenmu, ranar da kuka samu aiki, ku nemi sharuɗɗansa a rubuce, ku tambayi ina ƙungiya take.