Daga Illela zuwa Illela, har Sakkwato bisa moto

Illela guda biyu ce, kun dai sani: tamu ta Nijar da ke Adar, da ta Najeriya da ke bakin iyaka, kudu da Birnin Ƙonni. Da yawa daga cikinmu muna da ɗiya ko ƙanwa ko goggo da aure ya kai wancan gefen. Yayata tana Sakkwato, kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da anka rufe iyaka ban sa ta a ido ba sai bana. An buɗe hanya tun watan Maris na 2024, amma buɗe iyaka daban, samun kuɗin tafiya daban. Sai da munka yi rabon asusu na ware nawa, ƙanena ya ce shi zai kai ni bisa motonshi.

Da asuba munka tashi, don rana ba ta ragawa mai moto. Daga gida munka fita Badagishiri, munka hau gudro mai zuwa daga Tawa, munka miƙe kudu. Wadda ba ta taɓa doguwar tafiya bisa moto ba, ta sani ƙugu ne ke fara kuka, sannan gwiwa. Na ninke tsohon zane na zauna a kai, na ɗaure gyale tamau na cusa bakin zane ƙarƙashin cinya. Wannan ba wasa ba ne, zanen da ya shiga taya ko sarƙa yana kayar da mutum biyu take. Mun sha ruwa a Gidan Idar, cikin ƙasar Malbaza, munka ci gaba har Tsarnawa.

A Tsarnawa ne hanyarmu ta gamu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, nan kuma na daɗe. Buhunan albasa jere kamar ganuwa, warinta ya cika ko'ina, ga manyan motoci ɗauke da siminti daga Malbaza suna wucewa, iskarsu kaɗai tana iya ture moto gefe. Albasar nan ja, irin ta Galmi, har Abijan da Akara ake kai ta. Na so in saya wa Yaya, ƙanena ya yi dariya ya ce, “Yaya, Sakkwato za ki kai albasa? Su ma noma ta suke.” Gaskiyarshi. Tsarabar da na riƙe tun gida ita ta fi: cuku, da yakuwa busasshiya, da ɗan kilishi.

Daga nan zuwa Ƙonni tafiya kaɗan ce, ana ratsa gonakin rani da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango. Ƙonni gari ne na canji, ga masu kabu-kabu kamar ƙudan zuma. A nan nake so ku buɗe kunne. Da can, mai zuwa Najeriya yakan tafi da tanki kusan wayam, don mai ya fi araha a can, shi ne ma 'yan ruwa-ruwa ke kawo muna cikin kwalabe. Tun da gwamnatin Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, wannan lissafi ya rushe. Mun cika tanki a Ƙonni. Naira kuma ta faɗi ƙwarai: jaka ɗaya ta sefa tana ba da fiye da ninki biyu na abin da take badawa kafin 2023. Sai ki ga damin kuɗi a hannu ki ɗauka kin yi arziki, kin manta kaya ma sun yi tsada can. Ni kaɗan na canza, sauran na bar su sefa a lalita. Ki tambayi 'yan canji biyu ko uku kafin ki miƙa kuɗinki, kuma ki ƙirga a gabansu.

A bakin iyaka an dubi katin ɗan ƙasa, an dubi takardun moto, munka wuce. Abin da ke ba ni mamaki kullum, ba abin da ya sauya: gero guda, Hausa guda, har gaisuwar. Turawan Faransa da na Ingila ne sunka ja layin nan a kan takarda, farkon ƙarnin da ya wuce, sunka bar uwa nan ɗiya can. Kasuwar Ƙonni Laraba take ci, ta Illelar Najeriya Lahadi, mutanen kuma kusan su ɗaya ne ke cin duka biyun.

Gwadabawa, Kware, sai Sakkwato. Daga Ƙonni bai kai kilomita 100 ba, amma shingayen bincike suna ja wa tafiyar tsawo. Ba mu yarda dare ya riske mu a hanya ba, zuwa da dawowa, kuma ba mu ratse gabas ba, wajen Sabon Birni da Isa, inda 'yan bindiga sunka addabi jama'a. Duk mai dangi can ta buga waya ta ji halin hanya tukuna.

Na iske Yaya ta rame, hawan jini ya kama ta, kuma duk wayar da muke yi ba ta taɓa faɗa mini ba. “Lahiya lau” kawai take cewa. Da ban zo ba, da ban sani ba. Sefar da na ɓoye ita munka canza munka sayi magani na wata biyu. Kwana biyar na yi, ta matsa sai da munka je Hubbaren Shehu ziyara, ita da ke tafiya da ƙyar.

Matan unguwarsu adashi suke yi, kowa ta kwashi nata in layi ya zo kanta, ba bashi, ba asusun taimako. Da na ba su labarin tsarin Mata Masu Dubara, wanda ya faro a yankin Maraɗi a 1991, da akwatinmu da 'yan makulli, da ɗan zubin da muke warewa don ciwo da haihuwa, sun yi ta tambaya har magariba. Sun roƙi in rubuto masu dokokinmu. Zan kawo maganar a zubin mako mai zuwa, tare da wata: ko asusun taimako zai iya ranta wa mace kuɗin mai, ba riba, in ciwon ɗan uwa ne ya kira ta hayin iyaka.