Mai Malfa, Maƙwabcina na Christiansburg

Lokacin da na bar Samaru a 1991 na tafi karatun digiri na uku kan kimiyyar ƙasar noma a jami'ar Virginia Tech, ban zauna a Blacksburg inda makarantar take ba. Hayar can ta fi ƙarfin ɗalibi mai mata da yara, don haka muka gangara Christiansburg, garin da ke kusa, muka kama wani ɗan gida na katako. Sai da muka gama sauke kaya uwargida ta leƙa ta taga ta hango mota mai launin shuɗi da ruwan toka a ƙofar gidan da ke damanmu, da fitilu a kanta da tambarin hukuma a ƙofarta. Ta ce, "Malam, duk faɗin Amurka ka rasa inda za ka sauke mu sai gindin ɗan sanda?"

Tana da gaskiyarta. A watan Maris na wannan shekarar duniya ta ga hoton bidiyon dukan da 'yan sandan Los Angeles suka yi wa Rodney King, kuma mu baƙar fata ne, baƙi, masu Turanci mai nauyi a baki. Ni ma na taso da labaran mahaifina na zamanin En'e, lokacin da in ɗan doka ya shigo unguwa yara ke watsewa, manya su gyara zama. Mun daɗe gaisuwarmu da maƙwabcin ba ta wuce ɗaga hannu ba. Yara ne suka raɗa masa suna Mai Malfa, saboda hular kakinsa mai faɗin baki, irin wadda makiyayi ke tare rana da ita. Sunan ya bi shi har muka baro ƙasar, shi ma ya san da shi, yana kiran kansa da shi da karyayyiyar Hausa.

Tsarin 'yan sandansu sai an ɗan yi wa namu bayani, tun da mu runduna ɗaya muka sani daga Abuja har ƙauye. A can gari yana da nasa 'yan sanda, gunduma tana da sherif wanda jama'a ke zaɓa da ƙuri'a, jiha tana da nata, gwamnatin tarayya kuma tana da su FBI. Rundunar jihar Virginia ta samo asali ne daga 1932, hedkwatarta da makarantar horonta suna wajen birnin Richmond, shugabanta kanar ne wanda gwamna ke naɗawa. An raba jihar shiyya bakwai, tamu ofishinta yana Salem. Babban aikinsu manyan hanyoyi ne, tamu kuwa ita ce hanya ta 81, wadda ta ratsa yammacin jihar tsawon mil fiye da 300, tireloli nan dare da rana kamar ba sa barci.

Muƙamin maƙwabcina babban kurtu ne. Da farko na ɗauka wani shugaba ne mai yara a ƙarƙashinsa, sai ya yi dariya ya ce ba ya ba kowa umarni in ban da karensa, shi ma ba kullum yake ji ba. Mataki ne da ake ba kurtun da ya daɗe a bakin aiki kuma fayil ɗinsa babu tabo. Albashi ya ɗan ƙaru, amma motar nan ce, hanyar nan ce, sajan ne yake tsara masa lokutan aiki kamar kowa. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi zama jarrabawar sajan, ga shi ƙannen bayansa sun ɗaura igiya sun wuce shi. Ya ce, "Farfesa," haka yake ce mini tun ban gama rubuta babi na farko ba, "sajan takarda yake gadi. Ni hanya na sani."

Ya kuwa san ta. Akwai wani dogon hawa kafin a iso Christiansburg daga wajen Salem, inda tireloli ke ja da ƙyar, ƙananan motoci su ƙosa su riƙa kutse. Ya san kwanar da ruwa ke kwanciya, da gadar da ke daskarewa kafin sauran kwalta, da inda barewa ke tsallakawa a watan Nuwamba. Ya san wane mai janwe ne zai ɗaga waya ƙarfe uku na dare, da wane manomi ne shanunsa ke ɓalle shinge. Irin wannan sanin ba a makarantar Richmond ake samunsa ba, kuma ina ganin shi ne ainihin abin da jihar take biya in ta ƙara wa mutum wannan matakin.

Aikin da kowa ya san su da shi shi ne tsayar da mai gudu. Dokar Virginia ba ta da wasa a nan: a wancan lokacin wanda ya haura mil 80 a awa, ko ya ɗara ƙa'ida da mil 20, laifin tuƙin ganganci ne, wanda zai iya kai mutum ɗaurin wata 12. Shi ya zaunar da ni a barandarsa ya koya mini yadda ake yi in an tsayar da mutum. Ka gangara gefe, ka kashe mota, in dare ne ka kunna fitilar ciki, hannu biyu a kan sitiyari, kada ka fito, kada ka miƙa hannu aljihu sai ka faɗi abin da za ka ɗauko. Ya maimaita mini wannan na ƙarshen har sau biyu yana kallon idona, na kuma gane dalilinsa ba sai ya faɗa ba. Shi kansa, in ji shi, duk motar da ya nufa sai ya dafa bayanta da hannu kafin ya ƙarasa wajen direba, don in wani abu ya same shi a tarar da zanen yatsunsa a jikinta. Mutum ne shi kaɗai a mota, a daji, da dare, wanda zai kawo masa ɗauki yana iya kasancewa mil da yawa nesa.

Kuɗi ba sa shiga tsakaninsa da direba. Sammaci yake rubutawa, direba ya sa hannu, sa hannun kuma alkawari ne na zuwa kotu, ba amsa laifi ba ne. Tara a ofishin magatakardan kotu ake biya. Wata rana ya gayyace ni kotun gunduma ranar da aka ware masa, na zauna a bencin baya ina kallo. Ya zo da jakar takardu a shirye: shaidar cewa an auna na'urar gano gudu, shaidar an auna ma'aunin gudun motarsa, har da bayanin wasu ƙarafa masu baki biyu da yake bugawa su yi ƙara don gwada na'urar farkon aiki da ƙarshensa. Lauyoyi suna yi masa tambaya yana amsawa a taƙaice, ba ƙari ba ado. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata yarinya da ya kama da gudu, alƙali ya tambaye shi yadda ta yi da aka tsayar da ita, ya ce ta nuna ladabi kuma ta faɗi gaskiya, aka sassauta mata. Da muka fito ya ce mini abin da tsohon kurtu yake da shi a kotu ɗaya ne, alƙali ya san bai taɓa yi masa ƙarya ba, kuma rana ɗaya ta isa ta ɓarar da shi.

Amma yawancin ranakunsa ba kama mutane yake yi ba. But ɗin motarsa ya fi kama da shagon bakanike: jak, wayar tayar da batir, galan, bargo, fitilun kunnawa a kwalta, akwatin magani, da wata 'yar taya mai sanda ta auna tsawon hanya. Canza wa tsohuwa taya, kai wanda mai ya ƙare masa gidan mai, janye gawar barewa daga tsakiyar titi, duba littafin direban tirela a ga ko ya wuce awa 10 yana tuƙi ba tare da hutun awa 8 ba, kamar yadda dokar lokacin ta ce. Har garejin da ke manna takardar duba lafiyar mota ta shekara-shekara a gilashi, rundunarsu ce ke sa musu ido. Ranar da ƙungiyar ƙwallon jami'a ke wasa a filin Lane kuwa, yini yake a tsaye a mahaɗa yana ba da hannu.

A tsakiyar Maris na 1993, muna cikin azumi, dusar ƙanƙara ta sauka irin wadda tsofaffin garin suka ce sun daɗe ba su gani ba. Hanyoyi suka toshe, motoci suka maƙale a kan ta 81 da mutane a ciki. Ba mu ga motarsa a ƙofa ba har kwanaki, matarsa tana shigowa wajen uwargida suna sauraron rediyo tare. Da ya dawo, daf da magariba ne, kakinsa jiƙe har gwiwa, leɓɓansa sun tsattsage. Bai shiga gidansa ba sai da ya ƙwanƙwasa namu ya tambaya ko muna da wuta da madarar yara. Uwargida ta ɗebo masa ƙosai da kunu daga abin buɗa-baki, ya tsaya a bakin ƙofa ya cinye tas, ko hular bai cire ba. Daga ranar ta daina ce masa ɗan sanda, sai dai Baban su wane.

Nauyin da ya fi ɗauka da girma shi ne na sababbin kurata. In yaro ya gama watanninsa a makaranta, ba a sakinsa shi kaɗai, sai ya yi makonni a motar tsohon hannu, wanda zai riƙa rubuta rahoto a kansa kullum. Na ga da yawa sun zo sun wuce ta ƙofar gidan nan, aski tas, takalmi na sheƙi, suna zaune a miƙe kamar sun haɗiye sanda. Akwai wani siririn yaro da ya fi daɗewa yana zuwa cin abinci gidan. Na ji maƙwabcin nawa ta shinge wata yamma yana yi masa faɗa a hankali, don ya ɗaga wa wani direba murya: wai in ka fara da ihu, ina za ka hau in abu ya ɓaci? Ya kuma gaya mini cewa akwai wanda ya rubuta a kansa cewa bai dace da aikin ba, ya san ya tsinke wa yaron abinci, amma ya gwammace haka da ya bar mai saurin fushi da bindiga a hanya shekara ashirin. Yau in na ji ana ta muhawarar kafa 'yan sandan jihohi a Nijeriya, duk gardamar a kan wa zai riƙe linzami take, gwamna ko Abuja. Tambaya ce mai kyau. Sai dai ban cika jin ana tambayar motar wa sabon kurtu zai shiga a watansa na farko ba.

Akwai ayyuka biyu da ba ya son zancensu. Ɗaya shi ne kai saƙon mutuwa. In hatsari ya ci rai, bayan ya gama aune-aunen zanen birki a kwalta da zana taswirar yadda motoci suka haɗu, sai a nemi wanda zai je gidan mamacin, kuma sau da yawa babba ake turawa. Ba a yi ta waya. Ya ce ƙa'idarsa ita ce ya faɗi kalmar mutuwa ƙarara a jimlar farko, don in ka yi kwana-kwana mutane sukan riƙe wani ɗan fata da babu shi, sannan kada ya tafi sai wani ɗan'uwa ko maƙwabci ya iso. Na ce masa a wajenmu ba a yi haka, dattijo ake nema ya fara da nasiha, a ce jiki ya yi tsanani, a bi da mutum sannu-sannu. Ya yi shiru ya ce da yana da dattawan unguwa a kujerar baya da shi ma haka zai yi. A irin waɗannan ranaku yakan daɗe zaune a mota a ƙofar gida kafin ya shiga, mu kuma mukan hana yara zuwa wajensa.

Na biyun ya faru kafin mu zo. Daga Afrilun 1989 zuwa Fabrairun 1990 masu haƙar kwal na kamfanin Pittston suka yi yajin aiki a can ƙuryar kudu maso yammacin jihar, musamman kan kuɗin asibitin tsofaffin ma'aikata da matan da mazansu suka rasu. Suka riƙa zama a kan hanya suna tare motocin kwal, gwamnati ta tura 'yan sandan jiha da yawa, aka kama mutane dubbai. Yana cikin waɗanda aka tura, kuma kakansa a ramin kwal ya ƙare rayuwarsa. Ya ce ya ɗaga tsofaffi sa'o'in mahaifinsa daga kwalta ya sa a bas, wata tsohuwa tana kiransa ɗana tana tsine masa a lokaci guda. Umarnin kotu ne, ya cika shi, amma ban taɓa jin ya ce daidai ne ba. Ni ma ba zan ce duk mai irin hularsa haka yake ba. Abokan karatuna baƙaƙen Amurka suna da nasu labaran na tsayarwa ba dalili a hanyoyin Kudu, kuma kirkin mutum ɗaya bai ƙaryata su ba.

Mun dawo gida bayan na kammala, muka ci gaba da musayar wasiƙa ƙarshen kowace shekara, matarsa ce mai rubutawa. Ranar 16 ga Afrilu 2007 ina Zariya na ji a rediyo cewa wani ɗalibi ya harbe mutum 32 a tsohuwar makarantata, rundunar jihar ce kuma ta jagoranci binciken. Na yi ta duba fuskoki a talabijin ko zan gan shi. Wasiƙar ƙarshen shekarar ce ta gaya mini ya riga ya yi ritaya, a matsayinsa na kurtu, ya koma wata 'yar gona a gundumar Floyd yana yankan ciyawar shanu yana fama da ciwon gwiwa. Siririn yaron nan kuwa ya zama sajan, yana cikin waɗanda suka yi aiki a makarantar a makon nan, kuma kusan kowane dare in ya tashi aiki sai ya kira gonar.